Dofamin ɗan aike ne, kuma a zaure yake tsayawa

Kwana biyun nan, duk inda ka leƙa a TikTok ko Facebook sai ka ci karo da kalmar. Wannan ya ce waya ta cinye masa dofamin, wancan ya ce ya shiga "azumin dofamin" na mako guda, wata mai tallar haɗin gargajiya kuma ta ɗaga kwalba tana rantsuwa cewa nata yana ƙara shi. Har a rediyo na ji an fassara shi da "sinadarin jin daɗi", mai shirin ya wuce abinsa. Wannan fassarar ce take ci mini tuwo a ƙwarya.

Da jin daɗi ne, da wanda ya rasa shi baƙin ciki kawai zai yi. Amma a 1957 Arvid Carlsson, wani masani ɗan ƙasar Suwidin, ya ba zomaye wani magani da ya sa suka langaɓe, ko motsin kirki ba sa yi. Da ya yi musu allurar L-dopa, abin da jiki ke juyawa ya zama dofamin, ba a jima ba suka miƙe garau. Motsi ne ya dawo musu. Shi ya sa mai cutar Parkinson, wanda ƙwayoyin da ke samar da dofamin a ƙwaƙwalwarsa suke mutuwa, karkarwa da sandarewar jiki ke damunsa. Dofamin ɗin nan dai shi ne kuma ke taka wa sinadarin da ke kawo ruwan nono burki. To ina daɗi a nan?

Dofamin saƙo ne da wata ƙwayar jijiya ke aika wa wata. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya shiga cikin ƙwayar da aka aike shi gare ta. Kamar baƙo namiji ne a gidan Bahaushe: ya tsaya a zaure ya yi sallama, sai a samu yaro ya ruga ciki ya ce wai ana sallama da maigida. Zauren shi ne wani furotin da ke jikin fatar ƙwayar, mai karɓar saƙo. Yaron kuma wani ƙaramin sinadari ne da ake kira cAMP, wanda Earl Sutherland ya gano, har ya samu kyautar Nobel a 1971.

Abin da ke faruwa bayan yaron ya shiga tsakar gida, shi Paul Greengard, wani masani ɗan Amurka, ya ƙarar da rayuwarsa a kai, daga Jami'ar Yale zuwa ta Rockefeller a birnin New York. Ya nuna cewa yaron yana tayar da wani ma'aikaci, shi kuma ya bi wasu furotin yana liƙa musu wani ɗan sinadari da ake kira fosfet, da zarar an liƙa sai aikinsu ya canja: wata kafa ta buɗe, wata ta rufe. Shekaru ya yi yana bin wannan sarƙa ɗaya bayan ɗaya, lokacin da hankalin yawancin masana ƙwaƙwalwa yake kan saƙon lantarki mai saurin ƙiftawar ido. A 2000 aka ba shi Nobel tare da Carlsson da Eric Kandel. Kuɗin nasa ya kafa wata kyauta da su don mata masu bincike, da sunan mahaifiyarsa da ta rasu wajen haihuwarsa.

Zaurukan ma ba iri ɗaya ba ne, biyar ne. In dofamin ya yi sallama a wanda ake kira D1, yaran aike ƙaruwa suke yi; in a D2 ne, raguwa suke yi. Baƙo ɗaya, sallama ɗaya, amma gida biyu sun fahimci abu biyu kishiyoyin juna. Wanda ya ce maka "ƙara dofamin", tambaye shi a wane zaure.

Masu maganar waya suna da ɗan abin kamawa, ban hana su ba. Wani masanin ƙwaƙwalwa, Wolfram Schultz, ya gwada birai: in lemo ya zo musu ba zato, ƙwayoyin dofamin su zabura. In sun saba haske ke riga lemon zuwa, sai zaburar ta koma kan hasken. In haske ya zo lemo bai biyo ba, ƙwayoyin su yi tsit. Ashe sa rai ne da mamaki, ba zaƙin lemon ba. Ajiye waya na mako guda abu ne mai kyau, amma ba dofamin kake wa azumi ba, don da ya ƙare da ko tashi daga tabarma ba za ka iya ba.

Mai kwalba kuwa, ko ayaba akwai dofamin a cikinta, sai dai wanda aka ci ba ya tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. L-dopa ne ke tsallakawa, kuma ana samunsa a ƙwayar ƙarara, wannan dai mai ƙaiƙayin da muke gudu a daji. Likita ma awo yake yi kafin ya ba mai Parkinson L-dopa, don in ya yi yawa jiki kan kama fizge-fizgen da mutum bai sa shi ba.