Shin da gaske an hana kai garin zogale da zoɓo Nijar? Ga abin da doka ta ce

Tun farkon 2024, lokacin da tsadar abinci ta yi ƙamari har jami'an kwastam suka riƙa tare motocin hatsi a hanyoyin iyaka, wata magana ke yawo a bakin masu ƙananan sana'o'i: wai duk wanda aka kama zai tsallaka da kayan abinci Nijar, ɗaurin rai da rai ne. Maganar ta isa har kunnen matan da ke shanya ganyen zogale a inuwa, su niƙa, su tankaɗe, su ƙulla a leda, da masu haɗa shayin zoɓo da citta da kanumfari. Akwai waɗanda tsoro ya sa suka daina karɓar odar abokan cinikinsu na Maraɗi da Ƙonni.

Ɗaurin rai da rai ɗin yana cikin doka, ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Dokar hana fitar da wasu kayayyaki ce ta 1989, tun zamanin mulkin soja. Sai dai ba ta ce "abinci" ta yi shiru ba, ta lissafa sunaye: wake, rogo, masara, shinkafa da doya, da duk abin da aka sarrafa daga cikinsu, sannan duk abincin da aka shigo da shi Najeriya daga waje. Babu zogale a jerin, babu zoɓo, citta, riɗi, aya, kuka ko zuma.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen "abin da aka sarrafa daga cikinsu". Mai garin zogale zalla ba ta da matsala da wannan doka. Amma ɗauki garin ɗanwake: wake ne da rogo da kuka, biyu daga ciki suna jerin. Garin kunun yara mai gina jiki da ake soya masara a haɗa da gyaɗa shi ma ya taɓo jerin. Haka wanda ya sayi madarar gari ta ƙasar waje a buhu ya sake ƙullawa, abincin waje ne yake shirin fitarwa ko da sunansa ne a jikin ledar. Dokar ba ta ware ɗan kaɗan daga mai yawa ba, don haka mai irin wannan haɗi ya je ofishin kwastam ya tambaya tun kafin ya yi lodi, kada ya bari sai a Jibiya ko Illela.

A ganina hukuncin ya wuce kima. A 2017 gwamnatin tarayya da kanta ta yi bikin tura doya Ingila da Amurka, alhali doya na cikin jerin. Dokar da mahukunta ke tsallakewa idan ta tare musu hanya, a ɗago ta idan hatsi ya yi tsada, talaka kawai take firgitawa, kuma ya kamata majalisa ta gyara ta.

Abin da ya fi kama masu kayan gina jiki wata doka ce daban, wadda ba a cika maganarta ba. Dokar rajistar abinci da magunguna ta 1993 ta ce duk abincin da aka sarrafa, ko magani, ko kayan shafe-shafe, ko ruwan da aka ƙulla, ba za a haɗa shi, a tallata, a sayar ko a fitar da shi waje ba sai da rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Kalmar fitarwa tana ciki ƙarara, saboda haka cewa "ai ba a nan zan sayar ba" ba ta wanke kowa. Hukuncin mutum ɗaya tarar da ba ta wuce naira 50,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko duka biyun. Kamfani kuma naira 100,000. Tarar ba ta da yawa a kuɗin yau. Asarar gaske ita ce kayan da za a ƙwace, jarin mutum kenan gaba ɗaya.

Sai abin da ake rubutawa a jikin leda ko roba. Dokar abinci da magunguna ta 1974 ta hana tallata abinci ko magani ga jama'a da sunan yana warkarwa ko rigakafin wasu cututtuka da ta jera, ciki har da ciwon suga, hawan jini, ciwon daji, asma da rashin haihuwa. Ga robar garin zogale mai tsabta, an like bakinta da kyau, sai ka juya bayanta ka ga an rubuta "maganin suga da hawan jini da sanyi". Layin nan ɗaya ya isa ya jefa mai ita cikin laifi. A rubuta abin da ke ciki, nauyinsa, ranar haɗawa da ranar lalacewa, da adireshin mai haɗawa. Idan kuwa a matsayin maganin gargajiya ake son sayarwa, NAFDAC na ba da lambar da ke ƙarewa da harafin L, mai aiki na shekara 2. Ma'anarta an duba ba ya cutarwa, ba shaidar yana warkarwa ba ce. Wannan ƙa'ida kam ina goyon bayanta, domin mai ciwon suga da ya ajiye maganin asibiti saboda rubutun leda ransa ne a hannunmu.

Mai fitar da kaya a hukumance yana yin rajista da hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta NEPC, ya cika takardar NXP, wato takardar bayyana kayan da za a fitar, ta hannun bankinsa, kuɗin kuma su dawo gida cikin kwana 180. Busasshen ganye da ƙwayar da ba a sarrafa ba suna buƙatar takardar lafiyar tsirrai daga hukumar NAQS mai duba lafiyar kayan gona.

Wasu kuma na cewa tunda Nijar ta fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, ciniki ya ƙare. Ƙungiyar ta sanar a ranar cewa za a ci gaba da mu'amala da kayan Nijar, Mali da Burkina Faso bisa tsarinta na sassaucin ciniki har sai an fitar da sabon mataki. Iyakar da aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 ma an buɗe ta tun Maris 2024. Abin lura shi ne lambar NAFDAC izinin Najeriya ne, ba ta ɗaure jami'an duwan (kwastam) da na lafiya a Nijar ba. Abokin cinikinka na Maraɗi ko Damagaram ya tambayo maka takardun da suke nema, kuma ka buga bayanin jikin kayan da Faransanci a gefen na Turanci kafin ka ba da aikin leda dubu.