Shirya Gasar Labarin Ƙasa a Makarantun Sakkwato: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da aka ji na taɓa sa hannu a shirya gasar labarin ƙasa tsakanin makarantun sakandare a cikin garin nan, 'yan'uwana malamai ba su bar ni na huta ba. Wannan ya tare ni a bakin masallaci, wancan ya turo saƙo bayan isha'i. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Da me ake farawa?

Da kalanda. Kafin a yi zancen fosta ko kofi a tsayar da rana, domin ranakun da suka dace a Sakkwato ba su da yawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma wanda ya tara yara ɗari biyu ƙarƙashin rufin kwano da azahar ɗin Afrilu zai kwana yana ba iyaye haƙuri. Daga Mayu zuwa Yuli kuwa lokacin WAEC da NECO ne, shugaban makaranta ba zai ko saurare ka ba, zauren ma an jera masa kujerun jarrabawa. Azumi a 'yan shekarun nan yana faɗowa ne wajen Fabrairu da Maris, yana kuma matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka a duba kalandar Musulunci tare da ta makaranta.

Ni Nuwamba nake zaɓa. Damina ta ɗauke, hazon hunturu bai kankama ba, jarrabawar ƙarshen zango ba ta iso ba. Ga kuma wata gaɓa: mako na uku na Nuwamba shi ne makon wayar da kai kan labarin ƙasa da aka fara a Amurka a 1987, wanda wasu ƙasashe ma suka ɗauka. Ba dole ba ne a bi shi, amma yana ba ɗan jarida abin da zai rataya labarinsa a kai.

Cikin mako kuma Alhamis ta fi. Juma'a guntuwa ce, Asabar da safe rabin yaran jeka-ka-dawo suna Islamiyya.

Wa za a fara kai wa takarda?

Ma'aikatar ilimi ta jiha, tun da sauran aƙalla wata biyu. Shugaban makarantar gwamnati ba zai ɗebi yara a mota ya fitar da su daga harabarsa ba sai ya ga amincewar ma'aikata a rubuce. In takardar ta fito, a yi mata kwafi a liƙa a bayan kowace wasiƙar gayyata. A nemi shugabannin ƙungiyar firinsifal-firinsifal da ta masu makarantun kuɗi, kada kuma a manta da makarantun Arabiyya da ke koyar da darussan boko. Sau da yawa su ake tsallakewa, alhali akwai yara masu kaifin kai a cikinsu.

Fosta, rediyo ko WhatsApp, wanne ya fi kawo mutane?

Babu ko ɗaya a cikinsu da ke kawo ɗalibi. Malamin darasin ne ke kawo shi. Wannan shi ne abin da na daɗe ban gane ba. Shekarar farko mun kashe kuɗi a kan fosta mai kala, aka manna a allunan sanarwa, rana ta cinye ta cikin mako guda, wasiƙun kuma suka kwanta a aljihun teburin ofis. Shekara ta biyu sai muka hau babur, makaranta bayan makaranta, muna tambaya a ɗakin malamai: wa ke koyar da labarin ƙasa a nan? Mu gaisa, mu ba shi kwafin wasiƙar a hannunsa, mu karɓi lambarsa. Zuwa da kai ya fi aike. Da waɗannan lambobi aka buɗe zauren WhatsApp, kuma a nan ne aikin gaske ya gudana: ƙa'idoji, samfurin tambayoyi, tunatarwa.

Rediyo aikinsa daban. Ba ɗalibi yake kira ba, uba yake lallashi. Mahaifin da ya ji sanarwa da Hausa a Rima Radio, an ambaci wuri da lokacin tashi, ya fi saurin barin 'yarsa ta je. In an samu fili, a roƙi mai gabatar da shiri ya riƙa jefa tambaya ɗaya kullum a makon ƙarshe, masu sauraro su bugo waya. A tambayi wane gari ne ke fuskantar Illela a tsallaken iyaka, za ka ji direbobin tasha suna rige-rigen cewa Birnin Ƙonni. Daga nan gasar ta zama zancen gari. NTA Sakkwato da gidan talabijin na jiha kuwa a gayyace su a rubuce, a sake kira ana jibi, a sake kira da safiyar ranar.

Mutane na cewa darasin ba shi da kasuwa. Me za mu faɗa a tallar?

Gaskiya ne darasin zaɓi ne a babbar sakandare, kuma yara da yawa na gudunsa saboda karatun taswira. Amma a Sakkwato ba ma buƙatar aron hujja. A 1824, da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya iso garin nan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna da shi suna zancen koguna da hanyoyin fatake, aka kuma ba shi taswirar yankin da aka zana a fada, wadda aka buga a Landan a 1826. Bellon nan dai ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen Tukururu, wato wannan yanki namu na Afirka ta Yamma, da mutanensu. Wato shekara ɗari biyu da suka wuce, mai mulkin garin nan masanin labarin ƙasa ne. Ka faɗi wannan a rediyo, ka ga ko wani dattijo zai ce karatun banza ne.

Sannan a kawo maganar gida. Me ya sa idan aka saki ruwan madatsar Goronyo fadamun da ke ƙasa da ita ke shiga fargaba? Me ya kai masana'antar siminti Kalambaina, ba wani wuri ba? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa, dutsen farar ƙasa ne. Duk wannan labarin ƙasa ne, kuma manomi da ɗan kasuwa sun san darajarsa.

Wane tsari gasar za ta bi? Kacici-kacici kawai?

In kacici-kacici ne kaɗai, mai haddar manyan birane ne zai lashe, ko da bai san gabas da yamma a kan takarda ba. Gasar duniya ta wannan fanni, wadda aka fara a birnin Hague na ƙasar Holan a 1996, kashi uku take: rubutu mai maki 40 cikin 100, aikin fili mai maki 40, sai tambayoyi a kan hotuna da taswirori masu maki 20. Kowace ƙasa na tura ɗalibai huɗu 'yan shekara 16 zuwa 19. Ba sai mun kwafe ta kaf ba, amma rabon makin abin koyi ne.

Aikin fili ba ya buƙatar tafiya daji. A ba kowace tawaga awon tela mai tsawo, kamfas, fensir da farin kwali, a ce su zana harabar makarantar da ake taron cikin minti arba'in. Nan ake ganin abin dariya da abin sha'awa. Na ga yaron da ya zana masallacin makaranta tsaf har da hasumiya, amma ya manta kibiyar arewa. Na ga wata yarinya da awonsu ya tsinke, ta auna takunta sau ɗaya, ta ƙirga taku har bakin ƙofa tana motsa leɓe, ta zauna ta lissafa. A zauren kuma a raba taswira mai ma'aunin 1:50,000 da guntun zare, a ce su auna tsawon wata hanya mai lanƙwasa. Wanda ya san santimita 2 a takardar kilomita 1 ne a ƙasa ya wuce wurin.

Jihar na da ƙananan hukumomi 23. In ana son a taɓa kowa, a yi zagayen farko na rubutu a kowace shiyya, a kawo waɗanda suka yi fice kaɗai cikin birni. Yaran nesa su taso da rana su koma da rana, ko a tanadar musu wurin kwana. Halin da wasu hanyoyi ke ciki ba sai na faɗa ba.

Wa zai tsara tambayoyi?

Wanda ba shi da ɗalibi a cikin gasar. Malaman sashen labarin ƙasa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari sun isa, in an roƙe su da wuri. A kuma sa mutum na biyu ya bi tambayoyin yana neman inda za su iya ɗaukar amsa biyu.

Mun taɓa ƙonewa a nan. An tambayi sunan kogin da ya bi ta Argungu. Yarinya ta ce Rima, takardar alƙali ta ce Sakkwato, aka buga ƙararrawa. Malaminta ya miƙe, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, mu Rima muka sani, kuma ga shi a taswira." Ya ɗaga littafinsa. Wani ya ɗaga nasa mai cewa Sakkwato. Wani dattijo daga baya ya ce su Gulbin Kabi suka taso suna ji. Tun daga inda kogunan biyu suka haɗu a kusa da birnin nan, kowa da sunan da yake kiran ruwan. Rabin sa'a ta tafi a kan tambaya ɗaya, daga bisani aka soke ta. Haka tambayar yawan ƙasashen Afirka: 54 ne a Majalisar Ɗinkin Duniya, 55 a Tarayyar Afirka, sai an fayyace wanne ake nufi. A kuma duba shekarar taswirar bango. Har yanzu akwai ajin da taswirarsa ba ta san an cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996 ba, balle Sudan ta Kudu ta 2011.

Da Hausa ko da Turanci?

Tambayoyi da Turanci, tunda da shi za su rubuta WAEC. Sanarwa, jawabin maraba da bayanin ƙa'idoji da Hausa.

Ina kuɗin zai fito, kuma me ya fi cinye shi?

Mota da abinci, ba kyauta ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai sun fi kowa saurin amsawa, sai 'yan kasuwa, sai bankuna da kamfanoni, waɗanda ke son takarda tun da wuri da kasafi dalla-dalla. Wanda ba zai ba da kuɗi ba a roƙe shi abin da yake da shi: bas, ruwan leda, man janareta. A sani dai, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mai ɗaukar nauyi zai so sunansa a kyalle, zai so ya yi jawabi. A amince, amma a yanka masa minti biyar tun a wasiƙa.

Kada a sanar da kyautar da ba ta shigo hannu ba. Wani babban baƙo ya taɓa karɓar makirfo ya yi alƙawarin kwamfuta ga wanda ya zo na ɗaya, aka yi tafi har da guɗa. Yaron ya gama sakandare, yanzu yana tsaron shagon yayansa, kuma duk ranar da na bi ta layinsu sai ya gaishe ni da ladabi ya ce, "Malam, har yanzu shiru?"

Me ake mantawa a ranar taron?

Janareta da wanda zai zauna kusa da shi. Ruwan alwala da wurin sallar mata. Malama mace tare da kowace tawagar 'yan mata. Allon maki babba da kowa ke gani, a rubuta da alli nan take, domin makin da aka ɓoye a takarda shi ke haifar da zargi. A fara ƙarfe tara ko babban baƙo ya iso ko bai iso ba, in ya shigo a tsakiyar zagaye a ba shi kujera a ci gaba. A tashi kafin la'asar.

In an raba kyaututtuka shi ke nan?

Saura aikin mako guda. A tura sakamako ga ma'aikata da kowace makaranta, a kai wa masu ɗaukar nauyi wasiƙar godiya da bayanin yadda aka kashe kuɗinsu. Hotunan yara, musamman 'yan mata, kada su hau Facebook sai da izinin makarantarsu. A mayar wa kowane malami takardun ɗalibansa da aka yi wa maki, har da kwalayen da suka zana, ya ga inda suka yi tuntuɓe. Zauren WhatsApp ɗin kuma kada a rufe shi, a nan za a tsayar da Alhamis ɗin Nuwamban baɗi.