Waiwaye: Yadda ƙoƙon Jibin Ƙarshe ya shiga labarin barade

Tun 2014, lokacin da wasu masana tarihi biyu a Sifen suka fitar da littafi suna cewa ƙoƙon da ke majami'ar San Isidoro ta birnin León shi ne wanda Annabi Isa (AS) ya sha da shi a jibinsa na ƙarshe da almajirai, musu bai kwanta ba. Mutanen Valencia sun ce nasu ne na asali, Genoa ta Italiya ma tana da nata. Masu bibiyar wannan ja-in-ja kan ɗauka cewa tun farkon Kiristanci barade ke neman ƙoƙon. Ba haka ba ne.

Labarin ya fara ne wajen 1180 zuwa 1190, a waƙar wani Bafaranshe, Chrétien de Troyes. Wani matashin barde, Perceval, ya kwana a fadar wani sarki mai rauni, ya ga an wuce da mashi mai ɗigar jini, sai wata budurwa ɗauke da tasar zinariya da ake kira Giral. Kunya ta hana shi tambayar wa ake kai wa, shirun nan kuwa ya sa sarkin bai warke ba. Mawaƙin bai kammala waƙar ba. Ko sau ɗaya bai ce tasar ta Annabi Isa ce ba. Mazubin abinci ce mai faɗi, kamar akushin gidan sarauta. Wani mawaƙin Jamus da ya biyo baya, Wolfram von Eschenbach, cewa ya yi ma dutse ne.

Inda zance ya juya, wanda kuma ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne wajen shekarar 1200, a hannun Robert de Boron, mawaƙin da sunansa bai yi tashe kamar na sauran ba. A baitoci kimanin 3,500 ya ƙera wa tasar asali. Ya ɗauko Yusufu mutumin Arimatiya, wanda Linjila ta ce shi ya roƙi Bilatus, gwamnan da Romawa suka naɗa a yankin, gawar Almasihu ya binne, bisa aƙidar Kiristoci. Linjila ba ta haɗa shi da wani ƙoƙo ba. Robert ya ƙara cewa Bilatus ya ba Yusufu mazubin da aka yi jibin ƙarshe da shi, Yusufu ya tari jinin raunukan a ciki, aka jefa shi kurkuku, mazubin ya raya shi shekara da shekaru ba ci ba sha. Da ya fito sai ya kafa teburi irin na jibin, aka bar gurbi ɗaya babu kowa, sannan surukinsa Bron ya ɗauki mazubin ya nufi yamma, wajen Birtaniya.

A duba abin da wannan ƙari ya haifar. Tasar Chrétien ba ta da tarihi, don haka ba mai iya cewa ga ta a garinmu. Mazubin Robert kuwa yana da mai shi, yana da ranar da aka yi amfani da shi, yana da hanyar da ya bi. Abin da ke da hanya, ana iya bin sawunsa. A ganina nan ne tushen musun yau, domin nan ne labarin nishaɗin fada ya koma abu mai kama da tarihin addini. Ba wai kafin nan ba a san zancen ƙoƙon ba: wajen 680 wani mai ziyara, Arculf, ya ce an nuna masa ƙoƙon azurfa mai hannu biyu a Ƙudus. Amma babu barde ko ɗaya a zancensa.

Zamanin ma ya taimaka. A 1187 Salahuddin ya karɓe Ƙudus, zukatan Turawa suka koma kan abubuwan tsarkin da suka kuɓuce musu. A 1204 mayaƙan Yammacin Turai suka washe Kustantiniyya, kayan tsarki suka kwararo ƙasashensu, a 1215 kuma babban taron Coci a Roma ya jaddada aƙidar cewa ruwan inabin ibada yana zama jinin Almasihu. Ba a jima ba aka rubuta labarin barde Galahad da sauran baraden Sarki Arthur na Birtaniya, inda a ƙarshe aka ɗauke ƙoƙon zuwa sama. Wato labarin da kansa bai bar shi a duniya ba.

Ga kuma abin da bincike ya nuna. Na Genoa tasa ce koriya mai kusurwa shida, an ce an kawo ta daga Kaisariya a 1101, aka daɗe ana ɗaukarta zumurrudu. An kai ta Paris a zamanin Napoleon, ta dawo a fashe, ta tabbata gilashi ce. Na Valencia tsayinsa santimita 17, amma ɓangaren sama kaɗai ake magana a kai, ɗan ƙoƙon dutsen aƙiƙ mai faɗin kusan santimita 9. Hannuwan zinariya da gindin duk daga baya aka ƙara, a gindin ma akwai ɗan rubutu da masana da dama suka ce Larabci ne. Binciken 1960 ya ce saman zai iya zama aikin Gabas ta Tsakiya na ƙarni na farko ko kafinsa. Matsalar ita ce ba a auna shekarun dutse da gwajin kabon, sai dai a kwatanta salon sassaƙa, salon kuwa zamani kawai yake nunawa, ba ya faɗin wanda ya riƙe abin. Takarda mafi ƙarfi a kansa ta 1399 ce, lokacin da gidan zuhudu na San Juan de la Peña ya miƙa shi ga Sarki Martin na Aragon, kusan shekara 200 bayan waƙar Robert.