Ea da ΔH: Don Allah Ku Daina Cakuɗa Su

Duk shekara da jarrabawa ta matso, tambayoyin nan ne dai ɗaliban kimiyyar sinadarai suke kawo mini kan Ea da ΔH. ΔH dai shi ne zafin da ake saki ko ake sha in sinadarai sun rikiɗe. Ga amsa, a riƙe ta.

Katalis yana canza ΔH?

A'a. Na faɗa, na kuma faɗa. Katalis, wato sinadarin da ke hanzarta rikiɗa ba tare da shi kansa ya ƙare ba, Ea kaɗai yake ragewa. Wanda ya rubuta akasin haka ya zubar da makinsa.

To mene ne Ea ɗin?

Mafi ƙarancin makamashin da ƙwayoyin sinadari ke buƙata in sun yi karo kafin su rikiɗe. Svante Arrhenius, ɗan Suwidin, ya bayyana shi a 1889.

In gawayi zafi yake fitarwa, me ya sa sai an kunna shi?

Saboda akwai tudu a gabansa, wato Ea. Mol ɗaya (ma'aunin yawan sinadari) na kabon, wato sinadarin gawayi, in ya ƙone yana sakin kimanin kJ 394 (kJ ma'aunin makamashi ne), shi ne ΔH, da alamar ragi tunda sakin zafi ake yi. Amma gawayi zai shekara cikin buhu, iska na kaɗa shi, bai kama ba. Garwashin farko ne ke haurar da shi tudun.

Da gaske ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka gudun rikiɗar sinadarai?

To, nan sai an bi a hankali. Wani lokaci haka ne. In Ea ta kai kamar kJ 50 a mol ɗaya, kuma daga digiri 25 zuwa 35 ake magana, gudun zai kusa ninkawa. In Ea 100 ce, ya haura ninki uku. In 20 ce, ɗan ƙari ne kawai. Can sama kuwa, wajen digiri 450, ƙarin goma bai cika tasiri haka ba. Sannan ku dubi ƙullun waina: da bazara kafin a ankara ya kumbura yana tsartuwa, da hunturu sai an lulluɓe shi an kai ɗaki. Amma ku zuba masa tafasasshen ruwa, yis ya mutu, tashi ya ƙare. A haɗa amoniya ta hanyar Haber ma, wato yadda ake sarrafa ta a masana'anta, inda ΔH take ragi kJ 92, ƙarin zafi na ƙara sauri amma yana rage amoniyar da ake samu. Don haka kada ku rubuta maganar digiri 10 ɗin nan a matsayin doka. Ku ce "kusan", ku faɗi sharaɗin.

Zanen tudun nan, mai nuna yadda makamashi ke hawa da sauka yayin rikiɗa, yana rikita ni.

Kwantar da hankalinka. Daga inda aka taso zuwa ƙololuwa, Ea. Daga inda aka taso zuwa inda aka sauka, ΔH. Zana shi sau biyar yau da dare.