Kyandir da tanadinsa saboda ɗaukewar wuta

Kyandir sandar kaki ce mai lagwani a tsakiya, ana kunna shi domin samun haske. Yana cikin kayan da gidaje ke tanada saboda ranar da aka ɗauke wutar lantarki, ko ambaliya ko guguwa ta katse ta, tare da ashana da tocila da batura. Fitilun caji da na sola sun ƙwace masa kasuwa sosai, amma ba su kore shi ba, domin ba ya jiran caji, ba ya zubar da ruwa kamar tsohon batir, kuma yakan yi shekaru a ajiye bai lalace ba. Illarsa ɗaya ce, amma babba ce, wato buɗaɗɗiyar wuta a cikin ɗaki.

Yadda yake ci

Mutane da yawa sun ɗauka lagwanin ne ke ci, alhali kakin ne. Zafin ashana yana narkar da kakin da ke gindin lagwani, lagwanin ya tsotso shi sama kamar yadda tsumma ke shan ruwa, zafi ya mayar da shi tururi, wannan tururin ne ke kamawa. Shi ya sa idan aka hure kyandir aka yi maza aka kai ashana cikin farin hayaƙin da ke tashi, wutar kan bi hayaƙin ta koma kan lagwanin ba tare da an taɓa shi ba.

Haskensa kaɗan ne. A ma'aunin haske da ake kira lumen, kyandir ɗaya yana ba da kimanin 12, tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 kuwa yana ba da kusan 800, ke nan sai an jera kyandir sama da 60 kafin a kamo ƙwai ɗaya. Ya isa a ci tuwo, a nemo takalmi, a ba yaro magani. Karatu da shi kuwa wahalar da ido ne. Zafin harshen wutarsa yana haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas.

Tarihi

Romawa sun yi kyandir da kitsen dabbobi, kuma da shi talakan Turai ya rayu ƙarnuka da yawa duk da warinsa da hayaƙinsa. Na kakin zuma ya fi tsabta, amma tsadarsa ta sa sai majami'u da gidajen masu hali. A ƙarni na 19 ne abin ya sauya. Masanin sinadarai ɗan Faransa Michel Chevreul ya ware sitiyarin, wani sinadari mai tauri da ake yin kyandir da shi, daga kitse a shekarun 1820, Joseph Morgan na Manchesta ya ƙera injin zuba kyandir a 1834, sannan James Young ɗan Sikotilan ya yi rajistar hanyar tace farafin, wani irin kaki, daga kwal a 1850. Yawancin kyandir na kasuwa a yau na farafin ne, wanda ake samu wajen tace ɗanyen mai.

A ƙasar Hausa kyandir bai taɓa zama uban fitilu ba. Aci-balbal ce ta riƙe dare, da man gyaɗa ko man kaɗe, daga baya fitilar ƙwai mai kananzir ta gaje ta. Kyandir ya samu shiga ne a matsayin na ko-ta-kwana, musamman da kananzir ya yi tsada bayan cire tallafinsa a Najeriya a 2016.

Lokutan da ake rububinsa

Kyandir kaya ne da ba a tunawa da shi sai duhu ya shigo, lokacin kuwa kowa ya tuna a tare. A Birtaniya an yi ƙarancinsa a farkon 1974, sa'ad da rikicin ma'aikatan haƙar kwal ya sa gwamnati ta taƙaita wutar masana'antu zuwa kwana uku a mako. Ranar 28 ga Afrilu 2025, da wuta ta ɗauke a kusan duk Sifaniya da Fotugal, jama'a sun yi layi a shaguna suna neman kyandir da batura da rediyo.

A Najeriya ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce, har yau ana cewa "NEPA sun ɗauke" ko da yake an sauya wa hukumar suna tun 2005. Duk da haka akwai duhun da ya fi wani. A Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun haura mako ba wuta, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala. Nijar ma ta ɗanɗana a Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mata wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Irin wannan dogon duhu ne ke nuna amfanin kyandir, domin fitilar caji kwana ɗaya ko biyu take yi ta mutu, kuma babu inda za a yi mata caji sai wurin mai janareta, da kuɗi.

Ajiya

Babban abokin gabar kyandir a ƙasashe masu zafi shi ne zafin kansa. Farafin yana narkewa ne tsakanin digiri 46 da 68, amma tun kafin nan yake laushi. Wanda aka bari a tsaye a ɗakin kwano cikin watan Afrilu sai a same shi ya lanƙwashe, na cikin kwali kuma sun manne da juna. Don haka a kwance ake ajiye shi, a ƙasa-ƙasa inda ya fi sanyi, nesa da taga da murhu, cikin gwangwani mai murfi saboda ɓera yana gaigayarsa. Mota ba wurin ajiyarsa ba ce sam.

Ashana ita ce aka fi mantawa. Da damina takan sha danshi ta ƙi kamawa, gara a sa ta a leda ko kwalba, a haɗa da laita, a ajiye wuri ɗaya da kyandir ɗin inda babba zai laluba ya samu cikin duhu amma hannun yaro bai kai ba. Gajere mai kauri ya fi dogo siriri dacewa da tanadi, don ya fi daɗewa kuma ba ya saurin faɗuwa. Mai ƙamshi na ado ne, a rufaffen ɗaki yana iya hawa kai. Wajen lissafin yawan da za a saya, hanya mafi sauƙi ita ce a kunna ɗaya a ga awa nawa zai yi, domin nau'o'in sun bambanta ƙwarai.

Haɗarin gobara

Yadda aka saba kafa kyandir shi ne a ɗiga narkakken kakin a kan wani abu a dasa shi a kai. A kan siminti ko farantin ƙarfe babu laifi. Matsalar ita ce sau da yawa a kan teburin katako ake yi, ko kujerar roba, ko saman talabijin, sai barci ya kwashe mutum, kyandir ya cinye har gindi, wuta ta sauka kan abin da ke ƙarƙashinta. A ɗakin da ke da katifar soso da gidan sauro da labule, mintuna kaɗan sun isa. Ga kuma jarkar fetur ta janareta da gidaje da yawa ke ajiyewa a lungu, wadda tururinta kaɗai yana kamawa.

A Maris 2013 yara 9, galibinsu almajirai, sun rasu a unguwar Madina ta birnin Dakar, a gobarar da aka danganta da kyandir. A Fabrairu 2020 yara 15 sun mutu a wani gidan marayu kusa da babban birnin Haiti, inda aka kunna kyandir saboda babu wuta.

Masu kashe gobara suna ba da shawarar a bar tazarar aƙalla santimita 30 tsakanin kyandir da duk abin da ke ci, a rage lagwani zuwa kimanin milimita 6 don kada harshen ya yi tsawo, kuma kada a bar shi da yara ko a fita a bar shi. Tsayar da shi cikin gwangwanin madara da aka cika da yashi ya fi ɗiga kaki aminci nesa ba kusa ba. Idan narkakken kaki mai yawa ya kama, ba a watsa masa ruwa, don fantsama zai yi da wutar. Murfin tukunya ake kifa masa ko a zuba yashi.

Hukumomi ba su haɗu a kan matsayi ɗaya ba. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka tana cewa a yi amfani da tocila, a bar kyandir. Suwidin kuwa, mai dogon dare da tsananin sanyi, ta sa shi cikin jerin kayan tanadi a ɗan littafin shirin ko-ta-kwana da ta raba wa gidaje a 2018. Ga gida mai yara da ɗaki ɗaya, tsarin da ya fi ma'ana shi ne fitilar sola ko ta caji a gaba, tocila mai batir a bayanta, kyandir kuma sai waɗannan sun ƙare.