Yadda jihar Bauchi ke tallata kanta ga masu yawon buɗe ido

Tallata jiha ga baƙi aiki ne da ma'aikatar yawon buɗe ido ko hukumar da ke ƙarƙashinta ke yi don jawo mutane su zo su ga wurare, su kwana a otal, su ci abinci, su hau mota, su sayi tsaraba, kuɗinsu ya zauna a jihar. A Najeriya kusan kowace jiha tana da irin wannan ofishi, wata ta haɗa shi da al'adu, wata da kasuwanci ko yaɗa labarai. A arewa dai in ana maganar jihar da ta ɗora sunanta kacokan a kan wannan harka to Bauchi ce, don ita ce ta yi wa kanta take da "Lu'ulu'un Yawon Buɗe Ido", kuma taken yana nan rubuce da Turanci a jikin lambar motocin jihar, duk inda motar Bauchi ta shiga, Legas ne ko Maiduguri, tallar ta shiga tare da ita ba a biya ko sisi ba.

Aikin ofishin ya fi kama da na dillali. Otal ɗin na wani ne, motar haya ta wani ce, hawan sallah na sarki ne, titin ma'aikatar ayyuka ce ke gyara shi, tsaro kuma yana hannun 'yan sanda da sojoji, amma shi ne zai fito ya ce wa baƙo zo ka gani, kuma in baƙon ya zo ya tarar da akasin abin da aka faɗa masa to shi za a zaga. A nan wahalar aikin take, kuma a nan ne ake gane jihar da ta ɗauki abin da gaske.

Ikon jiha da na tarayya

Gwamnatin tarayya tana da tata hukumar, NTDC, wadda aka kafa da dokar soja a 1992, daga baya aka mai da ita NTDA. An daɗe ana ja-in-ja kan wa ke da hurumin yi wa otal-otal rajista da ba su daraja, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013 a shari'ar tarayya da jihar Legas, ta ce wannan aikin jihohi ne, tarayya tata ita ce shige da ficen baƙi daga ƙasashen waje. Tun daga nan nauyin ya ƙara komawa kan jihohi, kowa ya tallata nasa, kowa ya kula da nasa.

Yankari, hajar da ake sawa a gaba

An ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976, amma gandun dajin Yankari ya girme ta. An keɓe shi a 1956 zamanin gwamnatin Arewa, aka buɗe wa jama'a a watan Disamba na 1962, a 1991 tarayya ta karɓe shi ya zama gandun ƙasa, sai a 2006 lokacin gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu jihar ta nemi a dawo mata da abinta kuma aka dawo mata da shi. Wannan karɓowar ita kanta wani mataki ne na talla, don ba yadda za a yi ka riƙa kiran kanka lu'ulu'u alhali babban abin da kake taƙama da shi makullinsa yana Abuja.

Dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Daga garin Bauchi hanyar Gombe ake ɗauka, a Dindima a karkata, a shiga ta ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai tafiyar kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji kafin a isa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke. Akwai giwaye, kuma garkensu yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, akwai ɓauna, gwanki, kanki, mazo, dorina, kada, mugun dawa, ga tsuntsaye iri sama da 350, zakuna ma akwai amma sun yi ƙaranci sosai, ba kowa ke dacewa da ganinsu ba. A shekarar 2000 an rubuta baƙi sama da 20,000 daga ƙasashe fiye da 100.

Amma in ka duba duk wata takardar talla ko bidiyo na jihar, hoton da ke fara fitowa na ruwan Wikki ne, kuma gaskiya sun san abin da suke yi. Ruwan yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin wani jan dutse, garai-garai har kana ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, ko da sanyin hunturu ka shiga da asuba ɗumi za ka ji, kuma lita miliyan 21 yake fitarwa kullum ya gangara kogin Gaji. Giwa sai an yi sa'a, ka iya zagaya daji awa biyu a buɗaɗɗiyar mota ka dawo ba ka ga komai ba sai kashinta da rassan da ta karya, amma Wikki kullum yana nan. Mai talla da ya san aikinsa abin da ba ya saɓa alkawari yake sawa a gaba, sauran su biyo baya. Haka ma gwaggon biri, su kam ba sai an neme su ba, suna nan cikin sansanin suna sintiri, in mutum ya bar ƙofar ɗaki a buɗe ko ya riƙo leda a hannu sai ya ji an fizge, kuma bidiyon wannan fizgar da mutane ke ɗorawa a Facebook da TikTok ya kai sunan Yankari inda allon talla bai kai ba.

Lokaci ma yana cikin talla. Da rani ne, musamman daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe ruwa ya janye, dabbobi ke taruwa a bakin Gaji a gan su da sauƙi. Da damina daji ya yi duhu, wasu hanyoyin ba sa biyuwa. Ofishin da ya kira mutum ya zo kallon giwa a watan Agusta bai kyauta masa ba.

Sauran kayan da ke cikin buhu

Dabarar kowace hukumar yawon buɗe ido ita ce kada baƙo ya zo ya juya rana ɗaya, a samu abin da zai ƙara masa kwana, don kowane kwana kuɗin ɗaki ne da abinci da man mota. Shi ya sa ake jero wasu wuraren a bayan Yankari. A cikin dajin kansa akwai kogunan Marshall, wato ramuka guda 59 da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da Tunga Dutse mai tsohon rubutu. A ƙaramar hukumar Ganjuwa akwai gandun Sumu, inda a 2006 aka zuba dabbobi sama da 250 da ƙasar Namibiya ta bayar, har da raƙumin dawa da jakin dawa waɗanda babu su a Yankari. Akwai zane-zanen jikin dutse a Geji da Shira, ga duwatsun Dass, ga hawan sallah na masarautun Bauchi da Katagum da Misau da Ningi da Jama'are da Dass.

Sai kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin garin Bauchi, firayim ministan Najeriya na farko wanda aka kashe a Janairun 1966. Yadda aka gina wurin ma labari ne, za ka bi wani lungu mai duhu kana hawa a hankali haske yana ƙaruwa har ka fito fili inda kabarin yake, ana nufin fitowa daga mulkin mallaka zuwa 'yancin kai. A ganina wannan wurin ba a tallata shi yadda ya kamata, don ɗan Najeriya da bai damu da namun daji ba zai iya tasowa takanas saboda shi.

Hanyoyin da ake bi

Akwai tsofaffin hanyoyi, ƙasidu masu hotuna, kalanda, allunan bakin hanya, shiri a rediyo da talabijin, da kama rumfa a kasuwar baje koli. Jihohi kan tura tawaga bikin al'adu na ƙasa wato NAFEST, su kai makaɗa da 'yan rawa da kayan sana'ar hannu. Akwai kasuwar harkar tafiye-tafiye ta Akwaaba da ake yi a Legas, masu ƙarfi kuma har Landan da Balin ta Jamus suke zuwa inda ake manyan irinta na duniya. Ranar 27 ga Satumba, ranar yawon buɗe ido ta duniya, kwamishina kan yi jawabi a zagaya da 'yan jarida. Wata hanyar da ta fi waɗannan tasiri ita ce gayyato 'yan jarida da masu kamfanonin shirya tafiya da masu mabiya a soshiyal midiya, a kwanar da su kyauta a zagaya da su, su koma su bayar da labari da bakinsu, don mutane sun fi yarda da wanda ya je ya gani a kan sanarwar gwamnati. Sannan akwai jawo taruka, a sa ma'aikatu da kamfanoni su yi bita ko taron ƙara wa juna sani a Wikki, ɗakuna su cika a ranakun da ba hutu ba.

Filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka buɗe a 2014 zamanin gwamna Isa Yuguda shi ma yana cikin lissafin, don mai kuɗin Legas ko Fatakwal ba zai yi kwana guda a mota don ya yi wanka a Wikki ba.

In aka kwatanta da wasu jihohin, Kuros Riba ta ɗauki wata hanya daban, ta ƙirƙiri biki ne, kanibal ɗin Kalaba da gwamna Donald Duke ya fara a 2004, ta ɗaure shi da watan Disamba har ya zama kowa ya san lokacinsa. Kebbi tana da bikin kamun kifi na Argungu da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, Kano kuma hawan dabarta ya shiga jerin a 2024. Biki yana da rana, ana iya sa shi a kalanda a sayar da tikitin jirgi a kansa. Bauchi wuri take sayarwa, shi kuma wuri kullum sai an kula da shi.

Wa ake yi wa tallar

Nan ne nake ganin ake yawan kuskure. Ana son a ga Bature da kyamara a wuya, amma gwamnatocin Amurka da Ingila sun sa Bauchi cikin jihohin da suke gargaɗin mutanensu game da zuwa saboda matsalar tsaro, kuma wannan gargaɗin ya fi duk wata ƙasida ƙarfi, kamfanin inshora ma da shi yake aiki. Masu cika Yankari a zahiri 'yan gida ne, ɗalibai da aka kwaso a bas daga Kano da Jos da Gombe, iyalai a hutun sallah da na Kirsimeti, ango da amarya, 'yan bautar ƙasa, ma'aikata masu taro. Da yawansu Hausa suke ji, a rediyo da waya suke samun labari, abin da suke son sani kuma a bayyane yake, nawa ne kuɗin shiga, nawa ne ɗaki, akwai wuta da ruwa, hanya lafiya, akwai lokacin da mata za su shiga ruwa hankali kwance, wace lamba za a kira a ɗauka. Tallar da ta amsa waɗannan da Hausa ta fi hoton zaki amfani nesa ba kusa ba.

Abin da ake tallatawa sai yana raye

Yankari yana fama da mafarauta, da shigar shanu kiwo, da rikicin giwaye da manoman ƙauyukan da ke kewaye, don garke ɗaya in ya faɗa gona dare ɗaya ya gama da noman shekara. A 2014 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS don ta taimaka da sintirin masu gadin daji, aka riƙa ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya ana bin sawunsu, ana sanar da manoma in sun doso gonaki. Wannan ba ya fitowa a allon talla amma shi ne gindin abin, don in giwayen suka ƙare to rabin abin da ake kiran mutane su gani ya tafi. Haka gyaran ɗakuna, famfo, janareto da titin Dindima zuwa Wikki, duk kuɗin da aka kashe musu kuɗin talla ne ko da a kasafi an rubuta su a wani shafin daban. Mutanen ƙauyukan gefen dajin su ma sai sun ga nasu rabon, aikin gadi ne, jagora ne, sayar da abinci da tsaraba ne, in ba haka ba manomin da giwa ta cinye masa dawa ba shi da dalilin da zai tona asirin mafarauci.