Haɗin bayanau da sifar aikatau da harafi a nahawun Turanci

Wannan wani tsari ne na jera kalmomi a Turanci, inda kalma uku suke zuwa a jere kamar raƙuman ayari: bayanau (kalmar da ke ƙara bayani a kan aiki ko sifa) a gaba, sai sifar da aka ciro daga aikatau, sai harafi, wato ƙaramar kalma mai shiga gaban suna. Misalinsa "widely known for", "closely related to" da "deeply rooted in". Kalmar tsakiya ita ce masu karatun nahawun Larabci a zaure suka sani da ismul maf'uli, ta ƙarshe kuwa takwarar harafin jarri ce. Tsarin ya fi yawa a rubutu, musamman littattafan makaranta da jaridu da takardun ofis, shi ya sa ɗan sakandaren ƙauye a Kano ko Jigawa yake cin karo da shi a takarda tun kafin ya ji shi a bakin wani.

Yadda ake gina shi

Kalmar tsakiya ita ce uwar tafiya, domin ita take zaɓar abokan zamanta na gaba da na baya. Yawanci tana ƙarewa da "-ed", amma tsofaffin aikatau suna da nasu fasali: "known", "written", "made", "built". Harafin da ke biye da ita ba a iya cankarsa da hankali kawai. "Interested" tana tafiya da "in", "married" da "to", "composed" da "of". Wasu suna karɓar harafi fiye da ɗaya, ma'ana tana sauyawa: Kura "is known for" shinkafa, malami "is known as" Alaramma, baƙo "is known to" mai unguwa. Haka "made": tukunya "made of" yumɓu saboda ana ganin yumɓun, fura "made from" gero saboda geron ya sake kama, takalmi "made in" Kano, ƙofa "made by" kafinta.

Bayanau ma ba ya shiga inda ya ga dama. Ana cewa "highly regarded" da "badly damaged" da "fully equipped", in aka musanya su sai kunnen mai harshen ya ji wani bambaraƙwai, ko da ba a karya wata doka ba.

Tarihi

A Tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi daga wajen ƙarni na 5 zuwa tsakiyar ƙarni na 12, sifar aikatau takan ɗauki ɗafa-goshi "ge-", kamar a "gewriten". Jamusanci yana riƙe da shi har yau. A Ingila ya lalace ya koma "y-" ko "i-", daga baya ya ɓace, sai ɓurɓushi irin "yclept" da ake tsinta a tsofaffin waƙoƙi. Ɗafa-ƙeyar "-ly" ta bayanau kuwa daga "-lice" ta fito, tushenta kalmar "lic" mai nufin jiki ko siffa.

Harafin da ke nuna wanda ya yi aikin shi ma ya sha sauyi. Tsohon Turanci yakan yi amfani da "fram", kakan "from" ta yanzu. Daga baya "of" ta karɓi aikin, kuma ana ganin ta a haka jefi-jefi a fassarar Baibul ta 1611. "By" ta yi rinjaye ne sannu a hankali, ana jin tsakanin ƙarni na 15 da na 16, ko da yake "beloved of" ta tsira. Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin suka kwararo cikin harshen, kuma da yawa daga cikin sifofin da ɗalibi yake fama da su yau, irin su "composed", "derived" da "accustomed", daga wannan ɓangaren suka zo.

Akwai wani reshe da harafin yake tsayawa a ƙarshe babu suna a bayansa: "well looked after", "much talked about". Ana ganin ya fara bayyana ne wajen ƙarni na 13. Marubuci John Dryden ya soki rufe jimla da harafi a 1672, Robert Lowth kuma a littafin nahawunsa na 1762 ya ce guje wa hakan ya fi dacewa da rubutun girmamawa. Masu harshen ba su daina ba.

Nazarin tsarin a matsayin abin koyarwa ya samo asali ne daga malaman da suka koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. A. S. Hornby, wanda ya yi koyarwa a Japan, ya tsara aikatau bisa irin kalmomin da ke bin su, kuma ƙamusinsa da Oxford ta buga a 1948 shi ne kakan ƙamusin ɗalibai da ake gani a teburin malaman Turanci a Najeriya. Masanin harshe J. R. Firth ya koyar da cewa ana gane kalma ne ta abokan tafiyarta, abin da Bahaushe ya riga shi faɗa a kan zama da maɗaukin kanwa. A Jami'ar Birmingham, John Sinclair ya jagoranci aikin COBUILD, inda aka zuba miliyoyin kalmomi a kwamfuta ana duba wace ce take bin wace. Ƙamusinsu ya fito a 1987. Daga wannan aikin Susan Hunston da Gill Francis suka fitar da littafinsu kan nahawun tsare-tsare a 2000.

Aiki ne ko hali

Jimlar "the door was closed" tana da fuska biyu, waɗanda Hausa ta raba su sarai: an rufe ƙofa, da ƙofa a rufe take. Ta farko aiki ce, ta biyu hali. Masanin harshe Thomas Wasow ya yi bayanin wannan bambanci a 1977. Alamun sifa ta hali su ne ta karɓi "very", ta zauna bayan "seem", ko ta ɗauki "un-" a goshi. Galibi mai nuna aiki "by" take nema, mai nuna hali kuma ta nemi wani harafin: "surprised by" ɓarawo a lungu, "surprised at" halin wani.

Saɓani

Tsofaffin masu gyaran harshe sun ƙi "very pleased", suka ce "very much pleased" ce daidai. Yau ba a cika kula ba. Ana sa karan ɗori a "a well-known trader" amma ba a sa shi bayan bayanau mai "-ly".

Kwatanci da Hausa

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan gini. Hausa tana da sifofi irin dafaffe, rubutacce, sananne, tana kuma da na hali masu ƙarewa da wasalin e waɗanda suke jan "da": cike da, sanye da, ɗauke da. Manomin Gumel da ya ce rumbunsa yana cike maƙil da gero ya yi abin da Bature yake yi a "completely filled with millet", kalma uku da uku. Bambancin wurin zama ne kawai: maƙil tana bayan cike, "completely" tana gaban "filled".

Matsalar tana wajen "da". Wannan kalma guda tana ɗaukar kayan da Turanci ya raba wa "with", "for", "to", "of" da "by". An san Haɗejiya da kifi, an san Maigatari da kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis, sai ɗalibi ya ɗauko "with" ya rubuta "known with fish", alhali "known for" ake so. Hausa tana da dangantaka ta kusa da Gwandara, sai a rubuta "related with" maimakon "closely related to". Yaron bai yi wauta ba, nahawun harshensa ya bi, kuma ya bi shi daidai. Wani abin kuma, Hausa ba ta son ambaton mai aiki bayan "an": ba a cewa an gina masallacin ta hannun wane sai a fassarar rediyo, cewa ake wane ne ya gina shi. Saboda haka "built by" takan zo wa ɗalibi a juye.

A makarantun karkara

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara firamare da harshen gida, Turanci ya karɓa daga baya. An yi ta ja-in-ja a kan shekarar da ya kamata ya karɓa. A aikace malamin ƙauye yakan karanta da Turanci ya yi bayani da Hausa. Tambayoyin cike gurbi na WAEC da NECO suna yawan taɓa harafin da ke bin sifa, don haka malamai da dama sukan rubuta kalmomin uku a allo a haɗe, yara su yi ta maimaitawa da ƙarfi kamar hadda.